Shin tilas ne mutum ya tona cikinsa a taron ƙara wa juna sani?

Ƴar Adar, daga Tawa, ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayena da yayyena da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun watan jiya, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan na tsawaita, domin maganar ba za ta fahimtu ba sai an ji yadda ta faro.

Ina aikin wayar da kai a ƙarƙashin wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Tawa, aikin da ke kai ni ƙauyukan Illela da Madawa don tattaunawa da mata a kan abincin yara da zuwa awon ciki. A watan jiya aka tara mu, mu 24, a zauren wani otel na tsawon kwana 5, aka ce horo ne a kan yadda ma'aikaci zai kula da kansa don kada nauyin aiki ya durƙusar da shi. Kwana biyun farko ba ni da abin cewa a kansu, hasali ma na ƙaru. A rana ta uku, bayan hutun shan shayi, mai horarwar da ta zo daga Yamai ta sa aka janye tebura, aka jera kujeru a da'ira, ta ba kowa babbar takarda da alƙalami mai kauri, ta ce kowa ya zana rayuwarsa kamar kogi, ya nuna inda ruwan ya kwanta, da inda ya ci karo da duwatsu, da inda ya ƙafe. Na yi murmushi a zuci, domin mu a Adar ƙoramarmu da zarar damina ta wuce sai yashi, amma dai na zana.

Daga nan ta ɗauko dunƙulen zare, ta ce duk wanda aka jefa wa zai miƙe ya bayyana zanensa, kuma ya yi magana daga zuci. Na farko ya ba da labarin haɗarin mota, ya zauna. Ta biyu ta ba da labarin ɗanta da ya rasu yana da wata bakwai, ta fashe da kuka, aka tafa mata, mai horarwa ta ce wannan ita ce jarumta. Tun daga lokacin hawaye ya zama ma'auni, duk wanda ya gama magana idonsa a bushe sai a ga kamar bai biya kuɗin shiga ba.

Da zaren ya faɗo a cinyata na yi maganar rasuwar mahaifina, wadda gaskiya ce kuma ta yi mini ciwo. Mai horarwa ta matso kusa da ni, ta sassauta murya, ta ce: "Ƴar'uwa, wannan kowa ya san shi. Mene ne abin da ba ki taɓa gaya wa kowa ba?" Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ga shugabana a gabana, wanda shi ke sa hannu a kwantiragina duk bayan wata shida, ga direban ofis a hagu da ni, wanda kakarsu ɗaya da maigidana. Na kai kusan minti guda ina murza zaren nan a hannuna, ana jirana. Daga ƙarshe na faɗi wata magana da ta shafi aurena, wadda ko mahaifiyata ban taɓa gaya mata ba. Aka tafa, aka rungume ni, aka jefa zaren gaba. A daren nan ban iya cin tuwo ba.

A jikin bango an kafe takarda tun ranar farko, an rubuta cewa abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Kwana tara bayan haka, a wurin wani suna a unguwar Garkawa, gwaggon maigidana ta ja ni gefe ta ce: "Ashe haka kike ciki, shi ne ba ki samu inda za ki faɗa ba sai gaban maza?" Ban san wanda ya kai maganar ba, kuma ba na son in ɗauki alhakin kowa.

A wata mai kamawa za a yi kashi na biyu na horon, kuma halarta dole ce. Tambayata ita ce, shin ni ce na kasa wayewa, tunda na ga wasu sun fita suna cewa sun ji sakayau? Sannan ta wace hanya zan ƙi yin magana ba tare da an rubuta ni cikin marasa ba da haɗin kai ba, tunda a takardar auna ma'aikata akwai gurbin da ake ba da maki a kan yadda mutum ke sa baki a taro?

Tsohon Mushe, wato malamin makaranta, daga Birnin Ƙonni, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, Allah ya sanyaya miki. Na yi shekara 31 ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma na zauna tarukan horo da ba zan iya ƙidayawa ba, saboda haka ki ji daga gare ni cewa babu rashin wayewa a cikin abin da kika ji. An tambaye ki abin da ba a da hurumin tambaya, a gaban mutanen da ba ke kika zaɓe su ba.

Masu kawo mana irin wannan tsari suna zaton Bahaushe ba shi da inda yake sauke damuwarsa, don sun ga mace ta haihu ba ta yi ihu ba, ko sun ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba su lura da cewa kowace magana da mazauninta ba. Matar da aurenta ya yi tsami tana da aminiya, tana da gwaggo ko kaka, idan abin ya girma tana da waliyyinta. Namiji yana da abokin da suka tashi tare, wanda zai bi shi bayan gari da la'asar su yi maganar da ba a yi a fada. Wanda aka yi wa rasuwa kuwa ana zaune da shi kwana da kwanaki, ana kawo abinci, ana yi masa gaisuwa, ba wanda ya taɓa ce masa ya miƙe ya bayyana wa jama'a yadda yake ji. A duk waɗannan wurare mai ciwon ne ke zaɓar wanda zai ji, kuma wanda ya ji akwai igiyar da ta ɗaure shi, ta zumunci ko ta amana, wadda idan ya tsinke ta shi ne zai ji kunya a gari. Direban ofishinku wace igiya ce ta ɗaure shi, ban da takardar da aka kafe a bango? Ba ina cewa shi ne ya kai maganar ba, ina nuna miki ne cewa a garin da kowa ya san kakan kowa, alkawarin mutum 24 ba ya kwana.

Shawarata ita ce ki tafi da guzurinki. Tun daga gida ki tanadi wani labari na gaskiya amma mara nauyi, irin wahalar da kika sha a shekarar farko ta aiki, ko ranar da motarku ta kafe a yashi kuka kwana a daji. Idan zaren ya zo ki ba da shi cikin natsuwa, ki gode, ki miƙa gaba. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma yi wa kowa tsaurin ido ba. Da ma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ma'aikacin Lafiyar Ƙwaƙwalwa, daga Yamai, ya amsa:

Malama, ina gaishe ki, ina kuma gaida Baba Mushe. Zan yi magana ta fuskar aikina, domin akwai wani abu da ya kamata ki riƙe a hannu idan za ki tunkari shugabanki, shi ne cewa abin da aka yi miki ya saɓa wa ƙa'idar da su kansu ƙungiyoyin agaji suka amince da ita.

Wannan salo na tara mutane a sa kowa ya amayar da abin da ke ransa yana da tarihi. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Jeffrey Mitchell, wanda ya taɓa aikin kashe gobara, ya fito da tsarin zama guda da ake yi wa ma'aikatan ceto bayan sun ga mummunan abu, inda kowa zai faɗi abin da ya gani da abin da ya ji. Tunanin ya yi kama da gaskiya, wato idan aka matse ƙurji tun da wuri ba zai yi ruwa ba, shi ya sa ya bazu a duniya kafin a gwada shi sosai. Da aka gwada irin wannan zama guda a kan waɗanda suka ƙone da wuta da waɗanda suka yi haɗarin mota a Birtaniya, sai aka tarar ba ya hana ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali, har ma a wasu gwaje-gwajen waɗanda aka sa su magana sun fi waɗanda aka ƙyale shan wahala daga baya. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tantance binciken likitanci, ta fitar a 2002 ta tattara sakamakon, ta ce a daina tilasta wa mutane irin wannan zama. Adalci shi ne in ce yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne da mutum ɗaya ɗaya, amma darasin da aka ɗauka ya shafi taro ma. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 a kan taimakon farko na kwantar da hankali ta faɗa ƙarara cewa a saurari mutum, amma kada a matsa masa ya ba da labarinsa.

Game da taron jama'a kuwa, akwai binciken da likitan ƙwaƙwalwa Irvin Yalom da abokan aikinsa biyu suka wallafa a Amurka a 1973, bayan sun bi ɗalibai sama da 200 na jami'ar Stanford da suka shiga irin waɗannan da'irori da ƙafarsu. Sun tarar 16 daga cikinsu sun fita da lahanin da ya daɗe tare da su, kuma kaso mafi girma na lahanin ya fito ne daga ƙungiyoyin jagorori masu kwarjini da kutsawa, waɗanda ke takura kowa sai ya buɗe cikinsa nan take. Ki lura, waɗannan ɗalibai ba albashinsu ne a hannun wanda ke zaune a gabansu ba. Ke kuwa ga mai sabunta miki kwantiragi, ga takardar halarta, ga kuɗin zama da ba a biya sai ranar ƙarshe. Wanda ba shi da ikon cewa a'a, to na'am ɗinsa ba yarda ba ce, ko da an tambaye shi da murya mai taushi.

Kada a fahimce ni da cewa magana ba ta magani, domin da haka ne da ban da aikin yi. Ina ganin mata da maza da suke zuwa da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, an auna jini an auna komai ba a ga cuta ba, sai a zama na uku ko na huɗu abin da ke cin su ya fito. Amma ƙofa a rufe take, mu biyu ne, doka ta ɗaure ni in riƙe sirri, kuma mutum ya san zai dawo mako mai zuwa in taya shi ɗaukar abin da ya fito. A Harare ta Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ɗakin shan magani suna sauraron masu damuwa, mutum ɗaya a lokaci guda, har zama shida, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana rage damuwar sosai. Wannan ya fi kusa da gwaggo da kakar da Baba Mushe ya ambata fiye da dunƙulen zare. Ga wanda ba ya son kowa ya ji, akwai hanyar da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya gwada a 1986, wato mutum ya keɓe ya rubuta abin da ke damunsa na minti 15 a kwana huɗu a jere. Amfaninta ba mai yawa ba ne, amma takardar a hannunki take, kina iya ƙone ta.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne batun labarin guzuri. Dabara ce mai kyau ga ke kaɗai, sai dai tana barin tsarin yadda yake, kuma yarinyar da ta fara aiki bana, wadda ba ta san dabarar ba, ita ce zaren zai kama. Idan kina da ƙarfin hali, ki nemi ganin shugabanki ku biyu kafin ranar, ki ce masa kina son horon, amma kina roƙon a sanar tun farko cewa kowa yana da damar cewa a wuce shi, kuma kada a haɗa wannan sashe da makin ma'aikata. Idan rashin barcin da rashin cin abincin suka zarce wata guda, ki je asibiti, kada ki bari.

Mai Jagorantar Horo, daga Yamai, ta amsa:

Ƙanwata, na karanta saƙonki sau biyu, kuma na ji nauyi, domin sana'ata ce aka ambata. Ba ni ce na zo Tawa ba, amma na taɓa riƙe dunƙulen zaren nan, kuma na taɓa faɗin kusan irin kalmomin da aka faɗa miki, saboda haka ba zan tsaya a gefe kamar ban san komai ba.

Bari in faɗi dalilin da ya sa muke yi, ko da ba zai wanke kuskuren ba. Ma'aikatan da ke fita karkara a jihar Tawa suna kwasar abin da ya fi ƙarfin zuciya. Bayan harin da aka kai ƙauyukan Tilliya a watan Maris na 2021, inda hukumomi suka ce an kashe mutum 137, na zauna da waɗanda suka yi makonni suna rubuta sunayen zawarawa da marayu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu yaya suke kwana. Akwai namijin da ya ce mini ya daina cin nama, kuma yana zaton shi kaɗai ne ya lalace, sai da ya ji na kusa da shi ya faɗi irin haka sannan ya sauke ajiyar zuciya. Wannan shi ne abin da taro ke bayarwa wanda zama da mutum ɗaya ba ya bayarwa. Sannan ina roƙon Baba Mushe ya yi mini afuwa, kunyar nan da muke taƙama da ita ta rufe asirin mutane da yawa, amma ta kuma rufe bakin matan da ake duka, da masu yoyon fitsari da suka yi shekaru a ƙuryar ɗaki. Ba kowace mace ce ke da gwaggon da za ta ji ta ba, wata gwaggon cewa za ta yi ki koma ki yi haƙuri.

Kuskurenmu yana wani wuri dabam. An koya mana a cikin kwanaki kaɗan cewa nuna rauni ƙarfi ne, maganar da ta bazu bayan jawabin da Ba'amurkiyar nan Brené Brown ta yi a 2010, amma aka manta a koya mana ragowar maganarta, domin ita da kanta tana cewa ba kowa ne ya cancanci jin labarinka ba, sai wanda ya nuna ya isa a ba shi amana. Mu kuma muna da kwana 5, muna da rahoton da za mu rubuta, kuma ba na ɓoye muku, idan zaure ya yi kuka mai horarwa takan ji a ranta cewa aikinta ya ci. Sai ta hau mota ta koma Yamai, ta bar mutane da abin da ta tono, su ci gaba da haɗuwa a ofis da kasuwa da gidan biki.

Ni abin da ya sauya ni shi ne wata dattijuwa a wani taro, wadda da na matsa mata ta dube ni ta ce: "Ɗiyata, idan na kwance miki wannan ƙullin, za ki tsaya ki taya ni ɗaurewa?" Ban da amsa, domin motata ƙarfe huɗu za ta tashi. Tun daga ranar ba na barin shugaba ya zauna da'ira ɗaya da na ƙasa da shi, ina raba maza da mata, ina tambaya a kan aiki kawai, wato abin da ya fi yi wa mutum nauyi a fita karkara, ba abin da ke cikin ɗakinsa ba, kuma ni ce ta farko da ke cewa a wuce ni a wata tambaya, don a ga cewa ba laifi ba ne. Na kuma daina sa a tafa wa mai kuka. Ƙungiyoyin adashe na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, mata na faɗa wa juna manyan maganganu a cikinsu, amma bayan an yi watanni ana zubi tare, kowa ta ga wadda ke cika alkawari.

Idan kin samu lambar mai horarwar, ki kira ta kafin ta zo, ki gaya mata abin da ya biyo baya a wurin sunan. Ina kyautata zaton ba ta sani ba, domin mu ba a cika gaya mana ba.

Almajirin Zaure, daga Tawa, ya amsa:

Ƴar'uwa, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. Zan ƙara kaɗan ta fuskar addini, tunda na ga kina tuhumar kanki. Kuka ba aibi ba ne, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki. Neman shawara ma ba aibi ba ne, mata sun riƙa zuwa suna kai masa ƙarar abin da ke tsakaninsu da mazajensu. Amma Annabi Yaƙub, da ƴaƴansa suka dame shi a kan yawan ambaton Yusuf, cewa ya yi yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne kawai, kamar yadda ya zo a aya ta 86 ta Suratu Yusuf. Saboda haka wanda ya zaɓi ya bar damuwarsa tsakaninsa da Ubangijinsa yana da magabaci. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma an hana binciken sirrin mutane, kuma ban ga inda aka ce hanin ya faɗi don mai binciken yana da kyakkyawar niyya ba.

Wanda ya fitar da maganarki shi ne ya kamata ya rasa barci. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar ta zama amana. Waiwaye kawai ya isa, balle an rubuta an kafe a bango. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne maigidanki, domin sirrin aure na mutum biyu ne, kuma gara ya ji yadda abin ya faru daga bakinki, da yadda aka takura ki, kafin ya ji shi a bakin dangi da ƙari.

Ƴar Adar ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Baba Mushe, da Likita, da Yaya mai jagorantar horo, da Malam. Na jinkirta amsa ne don ina son in dawo da abin da ya faru.

Na fara da maigidana, kamar yadda Malam ya ce. Ashe maganar ta riga ta iso masa, ya yi shiru ne yana jiran ya ga ko zan faɗa. Bai yi faɗa ba, amma ya yi kwana uku ba ya cewa komai sai gaisuwa, kuma har yanzu ba mu gama komawa daidai ba.

Shugabana na same shi a ofis bayan azahar, na faɗa masa roƙona biyu. Ya yarda a cire sashen daga makin ma'aikata, ya ce shi ma bai ji daɗin zama yana sauraron sirrin mutanen da zai ba umarni gobe ba, kuma da zaren ya zo kansa ranar nan, labarin da ya bayar na wani abokinsa ne, ya mayar da shi nasa. Batun fitarsa daga da'irar kuwa ya ce ba shi da iko, tsarin daga sama yake zuwa. Mai horarwar ban same ta a waya ba, na bar mata saƙo, ba ta amsa ba.

An yi kashi na biyu a makon jiya. Wannan karon ba kogi ba ne, itace aka ce mu zana, mu nuna saiwa da rassan da suka karye. Na tafi da labarin motar da ta kafe a yashi a cikin jakata, kamar yadda Baba ya ce, amma da zaren ya zo sai na ji bakina ya ce: "Ina sauraron kowa, kuma ina tare da ku, amma yau a wuce ni." Mai horarwa ta buɗe baki za ta yi magana, sai na miƙa wa ta kusa da ni zaren tun kafin ta fara. Mutum biyar bayana su ma suka ce a wuce su, har da direban. Wadda ta yi kukan ɗanta a karon farko ta sake magana, ta daɗe tana yi, kuma da muka fita ta ce mini ita a nan ne kawai ake barinta ta ambaci sunansa, domin a gida da ta fara sai a ce ta yi haƙuri. Na ce mata ta zo gidana ranar Juma'a bayan la'asar, ta ce za ta zo. Kwantiragina yana ƙarewa a ƙarshen wata mai zuwa, sai a lokacin zan san ko maganar da na yi ta bar baya da ƙura.